Yadda ake kai manhajojin Linux ga kwamfutocin da ba su da intanet

Wanda ya taso da Windows ya saba a ba shi fayil guda a filashi, ya danna sau biyu, manhaja ta zauna. A Linux, musamman dangin Debian irin su Ubuntu da Linux Mint, abin ba haka yake ba. Manhaja a nan kamar amarya ce, ba ta tarewa sai da 'yan rakiya. VLC kaɗai, wadda ake kallon bidiyo da ita, tana jan wasu ƙananan ƙunshi, wato fayilolin da ake girkawa tare da ita, gommai a bayanta, kuma ko ɗaya ya ɓace ba za ta girku ba. In akwai intanet, wani shiri mai suna apt ne ke nemo 'yan rakiyar ya sauke su ba tare da ka ma lura ba. In babu intanet, wannan aikin ya dawo wuyanka.

Shi ya sa mutum zai ɗauko fayil ɗin .deb guda, wato ƙunshin manhaja na dangin Debian, daga gari, ya kai makarantar da ke ƙauye, kwamfuta ta ce masa akwai saura. Ya koma ya ɗauko sauran, su ma su ce da nasu sauran. Maganin wannan zirga-zirga shi ne ka bar kwamfutar da ba ta da intanet ta faɗi abin da ke cikinta, ka ɗauki bayanin zuwa inda ake da intanet, apt ya lissafa abin da ya rage da kansa. Daga nan sai ka haɗa 'yar ƙaramar ma'ajiya a filashi, wadda kowace kwamfuta za ta ɗiba daga ciki.

Zan yi misali da Ubuntu 24.04, wadda ta fito a watan Afrilun 2024 kuma ake kula da ita har 2029. Inda Mint ko Debian suka bambanta zan faɗa.

KAYAN AIKI

- Kwamfutar da za a kai wa manhaja. Zan riƙa ce mata kwamfutar can.
- Kwamfuta mai intanet, mai ɗauke da irin Linux ɗin can, siga ɗaya. Zan ce mata kwamfutar nan. In ba ka da ita, duba mataki na 3, akwai mafita.
- Filashi mai gigabait 16 ko sama, ko hadis na waje in manhajojin suna da yawa.
- Kalmar sirrin mai kula da kwamfutocin, domin kusan kowane umarni a nan da sudo yake farawa, kalmar da ke ba umarni ikon mai kula.
- Data isasshiya, da wuta tsayayyiya a lokacin girkawa: inbata, janareta, ko laftof mai cikakken caji.
- Takarda da biro. Ba wasa nake ba, za ka rubuta siga da sunayen ƙunshi.

Batun filashi yana son a tsaya a kansa kaɗan. Kasuwa cike take da na bogi, an rubuta gigabait 64 a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba. Irin wannan zai karɓi fayiloli ba musu, sai ka je can ka tarar rabinsu sun lalace. Akwai ƙaramar manhaja mai suna f3 da ke tona asirinsu: f3write ya cika filashin, f3read ya karanta ya faɗa maka gaskiyar girmansa. Sai tsarin da za a yi wa filashin fomat da shi. FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4, kuma fayil ɗin girka Ubuntu 24.04 ya haura 5. exFAT ba shi da wannan matsala, kuma Windows na karanta shi. Ni dai ext4 na fi so, saboda Windows ba ta buɗe shi kai tsaye, don haka ba wanda zai are shi ya kai shagon buga takardu ya dawo maka da shi cike da bairos.

MATAKI NA 1: KA SAN ABIN DA KE CAN

Je wurin kwamfutar can, buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta umarni a ciki, rubuta waɗannan:

cat /etc/os-release
dpkg --print-architecture

Na farko zai nuna sunan tsarin da sigarsa. Abin da za ka rubuta a takarda shi ne sunan laƙabin sigar: noble na Ubuntu 24.04, jammy na 22.04, bookworm na Debian 12, trixie na Debian 13. Mint 22 a kan noble aka gina ta, Mint 21 a kan jammy. Na biyu zai ce amd64 a yawancin kwamfutoci, ko i386 a tsofaffi sosai, ko arm64.

Kada ka haɗa siga da siga. Ƙunshin da aka sauke don jammy ba na noble ba ne, ko da sunan manhajar ɗaya. Haka kuma kada ka ce tunda Mint 22 'yar noble ce, bari ka sauke mata kaya a kan Ubuntu. Mint tana da nata ƙunshi da take fifitawa, don haka Mint da Mint, Ubuntu da Ubuntu.

In ka ga i386, to ka san Ubuntu ta daɗe da daina fitar da faifan girkawa na irin waɗannan injuna. Debian 12 ce za ta fi yi musu daidai.

In ɗakin kwamfuta ne mai injuna da yawa, duba kowace. Sau da yawa za ka tarar an girka wasu bana, wasu shekaru biyu da suka wuce. In yana yiwuwa, sake girka su duka daga faifai ɗaya kafin ka ci gaba. Wahalar yini ɗaya ce, amma daga nan filashi guda zai ishe su duka.

MATAKI NA 2: ƊAUKO FAYIL ƊIN STATUS

Kowace kwamfuta ta dangin Debian tana da fayil guda da ke riƙe da sunan duk ƙunshin da aka girka mata da sigarsa. Shi ne ginshiƙin wannan aiki gaba ɗaya. Soka filashi ka kwafe shi:

cp /var/lib/dpkg/status /media/$USER/FILASHI/status-asali

Inda na sa FILASHI, sa sunan naka. Fayil ɗin rubutu ne zalla, ba shi da nauyi.

Daga wace kwamfuta za ka ɗauka in suna da yawa? Daga wadda ta fi kowace talauci, wato sabuwar girkawa da ba a ƙara mata komai ba. Dalili: apt zai sauke abin da babu a cikin wannan fayil ne kawai. In ka ɗauko na kwamfutar shugaban makaranta da aka taɓa haɗawa da hosfot aka saka mata VLC, apt zai ɗauka kowa na da 'yan rakiyar VLC, ya tsallake su, sauran kwamfutocin su tashi a tutar babu.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kama sababbin shiga, a wata siffar ma. Mutum ya zauna a laftof ɗinsa da ya shekara yana amfani da ita, ya ce apt ya sauke masa GIMP, ya ga fayiloli uku ko huɗu sun sauko, ya yi murna abin bai ci data ba. Bai san sauran suna cikin laftof ɗinsa tun tuni ba, shi ya sa ba a sauke su ba.

MATAKI NA 3: SHIRYA KWAMFUTAR NAN

A kwamfuta mai intanet:

sudo apt-get update
sudo apt-get install dpkg-dev
mkdir -p $HOME/aiki/sauke/partial
cp /media/$USER/FILASHI/status-asali $HOME/aiki/

Foldar partial ɗin nan kada ka manta da ita, a cikinta apt ke ajiye abin da bai gama saukowa ba.

In ba ka da kwamfuta mai irin sigar can, ba sai ka goge Windows ɗin kowa ba. Hanya biyu ce. Ko ka sa faifan girkawa na wannan siga a wani filashi daban, ka tayar da kowace laftof da shi a yanayin gwaji ba tare da girkawa ba, ka haɗa ta da wayfai, ka yi aikin a ciki. Sai dai a wannan yanayi komai a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zaune, da an kashe ya tafi, don haka ka sa foldar aiki a kan filashin kaya kai tsaye. A Ubuntu kuma ka tabbata sashen universe a buɗe yake, domin can VLC da manhajoji da yawa suke:

sudo add-apt-repository universe

Hanya ta biyu ita ce ka girka sigar a cikin VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar tayar da wani tsarin a cikin naka, ka bar ta musamman don wannan aiki. In za ka riƙa yin rabon nan duk zangon karatu, wannan ta fi.

MATAKI NA 4: SAUKE KAYAN

Rubuta sunayen abin da ake so tukuna. Sunan ƙunshi ba koyaushe yake daidai da sunan da mutane suka sani ba, don haka duba da apt-cache search kafin ka rubuta. Ga umarnin, layi ɗaya ne duk tsawonsa:

sudo apt-get -o Dir::State::status=$HOME/aiki/status-asali -o Dir::Cache::archives=$HOME/aiki/sauke/ --download-only install vlc gimp inkscape audacity libreoffice synaptic

Ma'anarsa: apt ya ɗauka shi ne kwamfutar can, ya lissafa abin da ya rage mata, ya sauke a foldar sauke, kada ya girka komai a nan. Kafin ya fara zai faɗi yawan megabait ɗin da zai ci, ya tambaye ka. Karanta wannan adadi ka gwada da datarka. In intanet ya yanke a tsakiya, sake ba da umarnin, zai ci gaba daga inda ya tsaya, ba zai maimaita abin da ya riga ya sauko ba.

Wataƙila ka ga gargaɗi mai ambaton _apt da kalmar unsandboxed. Ba komai, kayan za su sauko lafiya.

Sai ka sake ba da umarnin, amma ka cire install da sunayen manhajoji, ka sa dist-upgrade a madadinsu. Wannan zai sauko da gyare-gyaren tsaro da aka fitar tun bayan faifan da aka girka kwamfutocin da shi. Zai iya yin nauyi a karon farko. Wasu na tsallake shi da hujjar cewa kwamfutar da ba ta hawa intanet ba ta da abin tsoro. Ban yarda da su ba: filashin ɗalibai na shiga da fita kullum, kuma cikin gyare-gyaren akwai na matsalolin sauti da allo da firinta.

Abubuwan da ake yawan mantawa, a tuna da su bayan an isa can:

Na farko, kayan kunna sauti da bidiyo. Wanda ya girka Mint ba intanet bai samu waɗannan ba, ƙunshinsu shi ne mint-meta-codecs. Na biyu, direbobin firinta. Tambayi irin firintar da ke can kafin ka taso. Ta HP ce, sa hplip a jerin. Na uku, salon haruffa. Takardun Word da aka rubuta da Calibri ko Cambria suna wargajewa a LibreOffice in babu makwafinsu, don haka sa fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea, faɗin haruffansu ɗaya da waɗancan. Don ƙ da ɗ da ɓ su fito da kyau a bugu, fonts-sil-charis da fonts-sil-andika suna da kyau. In makarantar tana rubutun ajami, akwai fonts-sil-harmattan, da kuma fonts-sil-alkalami wanda aka zana shi a kan salon rubutun Kano. Malaman Islamiyya kan yi mamaki in suka ga wannan na biyun a allo.

Akwai kuma ƙunshi masu yaudara, waɗanda cikinsu ba kayan ba ne, umarni ne kawai na a je intanet a ɗauko. ttf-mscorefonts-installer haka yake, kuma ubuntu-restricted-extras na janyo shi. firmware-b43-installer na wasu katunan wayfai na Broadcom ma haka. Duk sunan da ya ƙare da installer, ka yi masa kallon tuhuma. A Ubuntu, firefox da chromium-browser su ma fanko ne, suna tura ka zuwa snap, wani tsarin ƙunshi daban da .deb. Zan zo kan wannan.

MATAKI NA 5: MAI DA TARIN FAYILOLI MA'AJIYA

Yanzu kana da tarin .deb. Abin da ya rage shi ne a yi musu rajista da apt zai iya karantawa.

mkdir $HOME/aiki/maajiya
cd $HOME/aiki/maajiya
cp ../sauke/*.deb .
dpkg-name -o *.deb
dpkg-scanpackages . /dev/null > Packages
gzip -9k Packages
sha256sum *.deb Packages Packages.gz > SHA256SUMS

dpkg-name yana gyara sunayen fayilolin da ke da alamar %3a a ciki, waɗanda kan ba da matsala in an zo rabawa ta kebul. dpkg-scanpackages shi ke rubuta rajistar. Layin ƙarshe yana ɗaukar hoton yatsan kowane fayil, don a gane in wani ya lalace a hanya. In dpkg-dev ya ƙi samuwa, apt-ftparchive packages . > Packages yana yin aikin rajistar, kuma galibi yana nan a Ubuntu tun asali.

Kada ka sa sarari ko alamar ɗauri a sunan folda, taminal na rikicewa da su. Shi ya sa na rubuta maajiya haka.

Kwafe foldar maajiya zuwa filashi, ka rubuta sync, ka jira ya dawo kafin ka zare. Linux kan nuna kwafi ya ƙare alhali yana kan rubutawa a ɓoye. Foldar sauke kuma bar ta a kwamfutar nan, kada ka goge, za ta cece ka daga sayen data sau biyu a zagaye na gaba.

MATAKI NA 6: GIRKAWA A CAN

Kafin komai duba agogon kwamfutar da umarnin date. Kwamfutocin gwanjo da yawa ƙaramin batirin cikinsu ya mutu, kullum suna farkawa a wata tsohuwar shekara, kuma hakan na jawo ƙorafe-ƙorafe marasa kan gado. Gyara da sudo date -s "2025-10-06 09:30", ka sa ranar da kake ciki. In da hali canja batirin, CR2032 ne a mafi yawansu, masu gyaran agogo na sayarwa.

Sai wannan:

sudo mkdir -p /srv/maajiya
sudo cp /media/$USER/FILASHI/maajiya/* /srv/maajiya/
sudo chmod -R a+rX /srv/maajiya
cd /srv/maajiya
sha256sum -c SHA256SUMS

Kowane layi ya kamata ya ce OK. In wani ya ce FAILED, tsaya nan, fayil ɗin ya lalace, sake kwafowa. Na ce a kwafe kayan zuwa /srv maimakon a girka daga filashi kai tsaye saboda dalili biyu: apt yakan kasa karanta abin da ke ƙarƙashin /media, kuma in ka tafi da filashinka, ma'ajiyar na nan ga masu wurin.

Yanzu gaya wa apt inda ma'ajiyar take, ka kuma rufe masa hanyoyin intanet don kada ya ɓata lokaci yana neman abin da ba zai samu ba:

echo "deb [trusted=yes] file:/srv/maajiya ./" | sudo tee /etc/apt/sources.list.d/maajiya.list
sudo mv /etc/apt/sources.list.d/ubuntu.sources /etc/apt/sources.list.d/ubuntu.sources.disabled
sudo apt-get update

A Mint fayil ɗin da za ka canja wa suna shi ne official-package-repositories.list, a wannan folda. A Ubuntu 22.04 da Debian 12, /etc/apt/sources.list ne, buɗe shi ka sa # a farkon kowane layi. Ranar da intanet ya iso wurin, a mayar da sunan yadda yake. Rubuta wannan a takarda ka manna a jikin kwamfutar, domin wanda zai zo bayanka ba zai san abin da ka yi ba.

Kalmar trusted=yes ɗin nan ba ado ba ce. Kana ce wa apt kada ya nemi sa hannun masu Ubuntu, kai ka tsaya wa kayan. A lokacin saukewa an riga an tantance sa hannun, amma daga nan zuwa can amanar tana hannunka. Fayil ɗin SHA256SUMS lalacewa yake kamawa, ba ya kama mugun da ya canja ƙunshi ya canja lissafin tare. Don haka kada ka zuba .deb ɗin da wani ya turo maka a WhatsApp cikin ma'ajiyar nan, kuma filashin kada ya kwana a hannun da ba ka sani ba.

Kafin girkawa ta gaske, yi gwaji:

sudo apt-get -s install vlc gimp inkscape audacity libreoffice synaptic

Harafin s ɗin yana sa apt ya faɗi abin da zai yi ba tare da ya yi ba. Abu biyu kake nema. In ya ce unmet dependencies, wani ɗan rakiya ya ɓace, kusan kullum saboda status ɗin da ka ɗauka ba na wannan kwamfuta ba ne. Kwafi nata ka maimaita mataki na 4 da na 5, abin da zai sauko kaɗan ne. In kuma ka ga kalmar REMOVED da jerin sunaye a ƙasanta, musamman irin ubuntu-desktop ko cinnamon, kada ka kuskura ka ci gaba. Alama ce an haɗa siga da siga.

In komai lafiya, fara da sudo apt-get dist-upgrade, sannan ka maimaita umarnin girkawa ba tare da -s ba.

In an ɗauke wuta ana tsakiyar girkawa, kada ka firgita, kuma kada ka goge komai. Da wuta ta dawo:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt-get -f install

Sannan ka sake ba da umarnin da ya yanke.

Na sa synaptic a jerin ne don malamin kwamfutar wurin. Da shi zai ga duk abin da ke ma'ajiyar ya girka da linzami, ba sai ya taɓa taminal ba.

In kwamfuta ɗaya tal za ka yi wa aiki kuma ba za ka dawo ba, kana iya tsallake rajista gaba ɗaya: shiga foldar ka rubuta sudo apt install ./*.deb. Yana aiki, sai dai zai girka duk abin da ke ciki ba zaɓi. Ka fi son wannan a kan dpkg -i, wanda ba ya duba ko kayan sun cika kafin ya fara.

MATAKI NA 7: IN KWAMFUTOCIN NA DA YAWA

Zuba umarnan mataki na 6 cikin fayil guda, ka sa masa suna girka.sh, ka riƙa tayar da shi da sudo bash girka.sh a kowace kwamfuta. A cikinsa rubuta cikakkiyar hanyar filashin maimakon $USER, domin ƙarƙashin sudo wannan kalma root take nufi, wato mai kula, ba sunanka ba.

In kwamfutocin na haɗe da kebul ko rauta, ko da babu intanet a ciki, ba ka buƙatar yawo da filashi. A kwamfuta ɗaya:

cd /srv/maajiya
python3 -m http.server 8000

Duba lambarta da hostname -I. A ce ta ba ka 192.168.1.10. A sauran kwamfutocin, layin da za ka sa a maajiya.list shi ne:

deb [trusted=yes] http://192.168.1.10:8000/ ./

Muddin taminal ɗin farko na buɗe, kowa zai ɗiba. Kada ka saki injuna ashirin a kanta lokaci guda in tsohuwar rauta ce, bi su rukuni-rukuni.

MANHAJOJIN DA BA SA BIN WANNAN HANYA

AppImage shi ya fi kama da abin da mutanen Windows suka saba: fayil guda, 'yan rakiya a ciki. Krita da Kdenlive suna fitar da irinsa a shafukansu. Kwafe shi zuwa cikin kwamfutar, ka ba shi izinin tashi da chmod +x, ka danna. Tarkonsa ɗaya: da yawansu na neman wani ƙunshi da Ubuntu ba ta sakawa tun daga 22.04. Sunansa libfuse2, a 24.04 kuma libfuse2t64. Sa shi a jerin mataki na 4. Ka lura, kada ka girka wanda ake kira fuse kawai, yana iya cire muhimman sassan tsarin. In ka manta da libfuse2 kuma ka riga ka isa can, tayar da fayil ɗin da --appimage-extract, zai warware kansa cikin folda mai suna squashfs-root, ka tayar da AppRun da ke ciki. AppImage ya dace da wurin da sigogi suka cakuɗe, amma yana da nauyi kuma ba ya shiga jerin manhajoji da kansa.

Snap kuwa, a kwamfutar nan ka rubuta snap download firefox, zai ba ka fayil biyu, .snap da .assert. A can, sudo snap ack a kan na .assert tukuna, sannan sudo snap install a kan na .snap. Shi ma yana da nasa ginshiƙai, irin su core22 da gtk-common-themes, waɗanda sai ka sauke su haka ɗaya bayan ɗaya in babu su a can. Duba snap list a kwamfutar can tun a mataki na 1. Wannan wahala na cikin abin da ya sa nake ba makarantu marasa intanet shawarar Mint ko Debian, inda Firefox ɗin .deb ne kamar kowa.

Flatpak, wani tsarin ƙunshi mai kama da snap, yana da umarnin flatpak create-usb da aka yi shi musamman don kwafe manhaja da ginshiƙanta zuwa filashi. Yana aiki, amma ginshiƙan na cin ɗaruruwan megabait, kuma sai an saita Flathub, ma'ajiyar manhajojinsa, a ɓangarorin biyu. Sai in manhajar babu ita ta wata hanya nake bi ta nan.

Wanda ke son LibreOffice mafi sabunta fiye da ta ma'ajiyar Ubuntu, shafinsu na ba da dunƙulen fayil na .deb. Warware shi, shiga foldar DEBS, sudo dpkg -i *.deb. Nan dpkg ya wadatar, domin kusan komai na ciki.

Akwai kuma apt-offline, wanda aikinsa kusan irin abin da muka yi ne: apt-offline set a can, get a nan, install a can. Yana riƙe sa hannun asali, abin yabo ne. Amma sai an fara girka shi a kwamfutar can, kuma galibi tafiya biyu yake ci, ta sabunta rajista da ta ɗauko kaya. In can ɗin bayan gida ne, bismillah. In tafiyar rabin yini ce a mota, hanyar status ta fi sauƙi.

HALACCIN RABAWA

Lasisin manhajoji irin su VLC da GIMP da Inkscape ya ba ka damar kwafa da rabawa ga ko mutum nawa, har ka karɓi kuɗin wahalarka. Sharaɗin wannan lasisi, wato GPL, shi ne wanda ka ba wa ya samu hanyar kaiwa ga asalin rubutun manhajar in ya nema, kuma kada ka hana shi ya ba wani. apt-get source na sauko da wannan rubutu. Chrome da sauran manhajojin kamfanoni ba sa cikin wannan izini, kowace da nata sharaɗi, karanta kafin ka zuba ta a ma'ajiyar da za ka raba.

ZAGAYE NA BIYU

Bayan wata uku ko ƙarshen zango za ka so kai sababbin gyare-gyare. Kafin ka baro can a tafiyar farko, kwafi status na kwamfutar da ka gama yi wa aiki, ka sa masa suna status-sabo. Status-asali kuma kada ka yar da shi.

A kwamfutar nan yi sudo apt-get update, sannan ka maimaita mataki na 4 sau biyu. Da status-sabo ka yi dist-upgrade, don kwamfutocin da aka riga aka yi wa aiki. Da status-asali ka yi install da dist-upgrade duka, don ma'ajiyar ta ci gaba da isar sabuwar kwamfuta ko wadda aka sake girkawa. Duk abin da bai canja ba yana nan a foldar sauke, apt zai tsallake shi. Don share tsofaffin da aka maye gurbinsu:

sudo apt-get -o Dir::Cache::archives=$HOME/aiki/sauke/ autoclean

Daga nan goge foldar maajiya, ka sake gina ta da umarnan mataki na 5. A can ma goge abin da ke cikin /srv/maajiya kafin ka zuba sabo, ka yi sha256sum -c, sannan sudo apt-get update, domin in ka tsallake update apt zai ci gaba da neman tsofaffin fayilolin da ka riga ka goge.